Gayyar ƙwarin ɓawo a jikin itacen fayin: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da na nuna wa ɗalibai ko manoma tarkon tsutsar masara a nan Samaru, wannan ɗan bokitin roba da ake ratayewa a tsakiyar gona, sai wani ya ce, "Malam, me aka sa a ciki da har ƙwaro ke kawo kansa?" Amsar ita ce ƙanshi. Daga nan hira takan zarce zuwa yadda ƙwari ke kiran juna, ni kuwa misalin da na fi kawowa shi ne na ƙwarin ɓawo masu kashe itacen fayin, domin a wurinsu ne ake ganin abin daga kiran farko har zuwa sallama. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Wane irin ƙwaro ne wannan?

Ɗan ƙarami ne, baƙi ko ruwan ƙasa, bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Wanda ya fi suna a cikinsu, Dendroctonus ponderosae na duwatsun yammacin Amurka da Kanada, tsawonsa kimanin milimita 5 ne. Danginsu sun kai iri 6,000 a duniya, kuma 'yan uwa ne na nesa ga ƙwaron nan mai dogon baki da ke huda masara a rumbu.

Mazauninsu shi ne siririn wurin nan mai laushi da danshi da ke tsakanin ɓawo da katako, inda abincin da ganye ya haɗa ke gangarowa zuwa saiwa. A nan suke haƙa hanyoyi, su yi ƙwai, tsutsotsinsu su ci su girma. Duk wanda ya taɓa ganin maɗacin da masu neman sassaƙe suka zagaye gindinsa kaf ya san abin da ke biyo baya: itacen yakan tsaya da ganyensa na ɗan lokaci, sannan ya bushe a tsaye. Haka tsutsotsin ke yi, sai dai su daga ciki suke yi.

Mafi yawan ire-irensu matattun itatuwa da masu shirin mutuwa suke ci, kuma aikinsu na da amfani ga daji. 'Yan kaɗan ne ke iya kayar da lafiyayyen itace. Sunan Dendroctonus ma a harshen Girka ma'anarsa makashin itace.

Shi fayin ɗin, muna da shi a ƙasar nan?

Muna da shi, amma baƙo ne. Afirka kudu da Sahara ba ta da fayin na asali. Wanda ake gani a gandun dajin Afaka kusa da Kaduna, da Nimbia, da Miango a tudun Jos, shuka shi aka yi, galibi irin da ake kira Pinus caribaea wanda asalinsa Amurka ta Tsakiya ne. Tashar binciken gandun daji da ke nan Samaru tana cikin waɗanda suka yi gwajin irin waɗannan itatuwa tun shekarun 1960.

A kula kada a rikita shi da doguwar bishiyar nan mai siraran reshe kamar gashi, wadda ke fito idan iska ta kaɗa, da ake shukawa a makarantu da gidajen gwamnati. Waccan kasuwarina ce, dangi daban. Fayin na gaskiya ganyensa kamar allura yake, a ɗaure bibbiyu ko uku-uku ko biyar-biyar, kuma idan ka yanki jikinsa yakan zubo da danƙo mai kauri mai ƙamshi.

Me ya sa sai sun taru? Guda ɗaya ba zai iya ba?

Ba zai iya ba, kuma daga nan duk labarin ya faro. Danƙon nan shi ne makamin fayin. Da zarar ƙwaro ya huda ɓawo, danƙon zai kwararo ya cika ramin, ya turo shi waje ko ya binne shi da rai. Ban da maƙewa, akwai guba a cikinsa. Idan ka ga dunƙulen danƙo fari tas a jikin itace, sau da yawa in ka fasa za ka tarar da gawar ƙwaro a ciki. Itacen ne ya yi nasara.

Amma danƙon yana da iyaka. In rami ɗaya ne, itacen zai toshe shi. In ɗari ne a lokaci guda, sai ƙarfin kwararar ya rabu. In dubu ne, sai ya ƙafe. Masana biyu, Raffa da Berryman, sun auna wannan a 1983 a kan wani irin fayin na yammacin Amurka, suka ga cewa idan ramuka suka kai kimanin 40 a murabba'in mita ɗaya na ɓawo, kariyar itacen ta karye. Murabba'in mita ɗaya kuwa bai kai faɗin tabarmar mutum ɗaya ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji Hausawa. Sharaɗin kawai shi ne su iso tare, cikin 'yan kwanaki, kafin itacen ya gama da na farko. Wanda ya fara sauka yana cikin haɗari har sai an amsa kiransa.

To ta yaya suke kiran? Ba murya, ba ganga.

Da sinadari mai tashi a iska, wanda ake kira feromon. Bari mu bi na Dendroctonus ponderosae daki-daki, domin akwai abin mamaki a ciki.

Macen ce ke fara sauka ta huda ɓawo. A cikin danƙon fayin akwai wani sinadari mai suna alfa-fayinin, ɗaya daga cikin gubar da itacen ke yaƙi da ita. Jikin ƙwaron yana sarrafa wannan gubar ya mayar da ita wani abu daban, tirans-barbinol, wanda ke fita tare da garin itace da kashin da take turowa bakin ramin. Wato da makamin itacen aka ƙera kugen da ake buga wa maharansa. Na daɗe da sanin wannan, amma har yau in na zo bayaninsa sai na ɗan tsaya.

Iska ta ɗauki ƙanshin. Maza ne suka fi amsawa da farko. Namiji in ya iso bakin ramin yakan goga bayan cikinsa da fukafukinsa ya yi wata 'yar ƙara, kamar sallama, sannan ya shiga. Shi kuma yana sakin nasa sinadarin, ekzo-birebikomin, wanda ke jawo ƙarin mata. Sababbin matan su huda nasu ramukan, su saki nasu kiran, ƙarin maza su zo. Kowane zuwa yana ƙara wa kiran ƙarfi.

Akwai na uku a haɗin, kuma daga itacen yake fitowa: ƙamshin danƙon da ke zuba daga raunukan, musamman wani mai suna mirsin. Shi kaɗai ba ya jawo su sosai, feromon ɗin ma shi kaɗai jansa kaɗan ne, amma in suka haɗu sai abin ya ninka. Kamar daddawa ce da gishiri a miya. Saboda haka yawan zubar da danƙo don kare kai yana ƙara tallata inda itacen yake.

Ba duka feromon ɗin ake samowa daga itace ba. An daɗe ana zaton haka, sai bincike daga shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000 ya nuna cewa wasu, irin su ifsidiyenol da firontalin, ƙwaron ne ke haɗa su tun daga tushe a cikin jikinsa.

Kullum mace ce ke farawa?

A'a. A dangin Dendroctonus mace ce, kuma namiji ɗaya ke shiga wurinta. A dangin Ips namiji ne ke fara huda ɓawo, ya share ɗan ɗaki, ya yi kira, mata biyu ko uku ko fiye su zo, kowace ta haƙa tata hanyar daga ɗakin. In ka ɓare ɓawon, zanen hanyoyin kaɗai ya isa ya gaya maka wane dangi ne.

In kira yana ƙara kira, me zai hana su cika itacen har abinci ya ƙare?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin rabin hikimar tana nan. Wanda ya kira gayya ya san yawan furar da ya dama. In ƙwari suka yi yawa a itace ɗaya, tsutsotsinsu za su cinye wurin kafin su girma, kowa ya yi asara. Don haka akwai saƙo na biyu, na cewa an cika, a yi gaba.

Babban mai ɗauke da wannan saƙon shi ne barbinon. Yana samuwa ne idan barbinol ɗin nan na kira ya sake juyawa, ko ta hanyar iska, ko ta aikin ƙananan halittu irin su yis da ke zaune a cikin ramukan da hanjin ƙwarin. Ka lura da tsarin: sinadarin gayyata shi ne ke rikiɗa ya zama na sallama idan lokaci ya ja. A daidai lokacin kuma matan da suka samu maza sun rage kira, danƙon itacen ya ƙafe, ƙamshin mirsin ya ja baya. Ƙwaron da ya iso a makare zai tarar da ƙanshin wurin ya canja.

Sai dai bai komawa inda ya fito. Ya riga ya zo unguwar, kuma akwai ɗaruruwa irinsa a iska. Sai su sauka a kan itacen da ke kusa, su fara sabuwar gayya. Shi ya sa ɓarnar ke tafiya rukuni-rukuni, kamar yadda gobara ke cin rumfunan kasuwa, daga wannan zuwa maƙwabcinsa.

Su wa suka gano duk wannan?

Kalmar feromon kanta a 1959 aka ƙirƙiro ta, Peter Karlson da Martin Lüscher ne suka kawo ta. A shekarar ce kuma Adolf Butenandt na Jamus ya fitar da na farko, daga macen ƙwaron siliki, bayan ya tara kusan mata 500,000.

Na ƙwarin ɓawo ya zo a 1966 a Kalifoniya. Robert Silverstein da Otto Rodin da David Wood sun tara garin da mazan wani Ips ke turowa daga ramukansu, suka yi ta tacewa har suka ware abubuwa uku: ifsinol, ifsidiyenol da sis-barbinol. Abin da ya girgiza masana shi ne, ɗaya shi kaɗai ba ya aiki yadda ya kamata, sai an haɗa su. Kafin nan ana ɗauka kowane ƙwaro sinadari ɗaya gare shi. Birebikomin ya biyo baya a 1968, firontalin a 1969.

Duk ƙwarin ɓawo suna jin kiran juna?

Kowane iri da nasa haɗin, kuma sau da yawa kiran wani korar wani ne, don kada iri biyu su yi karo a itace ɗaya. Har a cikin iri ɗaya akwai bambancin gari da gari. Ifsidiyenol yana da siffa biyu masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu. Ips pini na Kalifoniya kusan siffa ɗaya zalla yake fitarwa, kuma in aka gauraya masa kaɗan daga ɗayar sai ya ƙi zuwa. Ɗan uwansa na jihar New York kuwa gauraye yake fitarwa, kuma gaurayen yake so. Bazazzagi da Basakkwace sun fi su fahimtar juna nesa ba kusa ba. Wannan yana da muhimmanci a aikace: ƙanshin tarkon da aka haɗa don wani yanki zai iya kasa kama komai a wani.

Za a iya cewa taimakon juna suke yi?

Ina amfani da kalmar gayya don ta fi kusa, amma a gayyarmu akwai niyya da zumunci da ramuwa. Ƙwaron ba shi da waɗannan. Wadda ta fara kira tana neman tsira daga danƙo da kuma miji. Wanda ya amsa yana neman wurin da aka riga aka raunana. Kowa bukatarsa ta kawo shi, sai bukatun suka dace.

Me ke sa katakon ya yi shuɗi?

Fumfuna ce da ƙwarin ke ɗauke da ita a jikinsu. Wasu ma suna da 'yan aljihu na musamman don ita. Tana bazuwa cikin katakon, ta toshe hanyoyin da ruwa ke hawa, ta bar launin shuɗi-shuɗi mai toka. Tsutsotsin suna cin ta su ƙara ƙarfi. Katakon bai rasa ƙwarinsa saboda launin ba, amma farashinsa kan faɗi.

Ban da su, akwai mai jin kiran?

Akwai, kuma ba masoyi ba ne. Wasu ƙwari masu zane ja da baƙi da fari, na dangin Thanasimus, suna bin ƙanshin firontalin da ifsidiyenol kai tsaye zuwa itacen. Manyan su kama ƙwarin ɓawo a waje su cinye, tsutsotsinsu su bi ramuka su ci na ciki. Shela a kasuwa ba ta zaɓen kunne. Daga baya maƙwaƙwafi ya zo ya ɓare ɓawon ya kwashe rabonsa.

Mutum zai iya jin ƙanshin?

Abin da ƙwaro ɗaya ke fitarwa ya yi ƙanƙanta ga hancinmu. Su da 'yan ƙahonin nan biyu masu dunƙulallen kai suke shaƙa. In aka tara barbinon a kwalba za ka ji shi, yana da ɗan ƙamshi mai kama da na na'a-na'a.

Tun da an san sinadaran, me ya hana a zuba su a tarko a gama da ƙwarin?

An gwada, kuma da gaske. A ƙasar Nowe, lokacin da Ips typographus ya addabi dazuzzukansu na sifurus, wani ɗan uwan fayin, an kafa tarko kimanin 600,000 a 1979, aka kama ƙwari wajen biliyan 2.9 a shekarar. Annobar ta lafa bayan 'yan shekaru, amma masana sun yi saɓani kan ko tarkon ne ya yi aikin, ko sanyi da ruwan sama da suka dawo wa itatuwa da ƙarfinsu.

Ra'ayina shi ne, tarkon feromon ido ne kafin ya zama makami. Amfaninsa mafi girma shi ne ya gaya maka yaushe ƙwarin suka fara tashi, a ina, kuma yawansu na hawa ne ko sauka. Wanda aka fi amfani da shi yau, wanda Staffan Lindgren ya fito da shi a 1983, jerin baƙaƙen mazurari ne a rataye ɗaya bisa ɗaya, don ƙwaron ya ɗauka gangar jikin itace ce. Kuma yana da haɗari. In ka rataye shi kusa da lafiyayyun itatuwa, za ka kira baƙin da tarkon ba zai iya ɗauke su duka ba, ragowar su sauka a kan abin da kake son karewa. Na sha gaya wa ɗalibai cewa wanda bai san wannan ba gara ya bar tarkon a cikin kwalinsa.

Ɗaya hanyar ita ce amfani da saƙon sallama. Ana manna 'yan jakunkunan barbinon a jikin itatuwa masu daraja, na kusa da gidaje ko wuraren shaƙatawa, don ƙwaron ya ɗauka an riga an cika. Yana aiki in ƙwarin ba su yi yawa ba. In annoba ta kai ƙoli, yawa yakan rinjaye shi. Wasu suna haɗa biyun: kora a nan, jawowa a can, sannan a sare itatuwan da aka jawo su kai a ɓare ɓawonsu kafin sababbi su fito.

Ɓarnar ta kai yaya, kuma me ya sa ta ƙaru?

A lardin Birtish Kolombiya na Kanada, daga ƙarshen shekarun 1990, Dendroctonus ponderosae ya shafi fiye da hekta miliyan 18 na daji. Wannan ya kusa ninki huɗu na faɗin Jihar Kaduna. A 2006 iska ta ɗauki tarinsu ta tsallakar da su duwatsun Roki zuwa cikin lardin Albata. Itacen da aka kashe yakan zauna kore a shekarar farko, ya koma ja a ta biyu, sannan toka-toka.

Dalilan sun haɗu ne. Tsananin sanyin da ke kashe tsutsotsin a ƙarƙashin ɓawo, irin mai kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili, ya ragu. An shekara da shekaru ana kashe gobarar daji, sai tsofaffin itatuwa sa'o'in juna suka cika ko'ina. Ga kuma fari. Itacen da ke jin ƙishirwa ba ya iya tura danƙo da ƙarfi, sai ya zama ƙwari kaɗan sun ishe shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada a ce wannan matsalar ƙasashen ƙanƙara ce kaɗai. A Honduras, ƙasa mai zafi a Amurka ta Tsakiya, Dendroctonus frontalis ya lalata kusan hekta 500,000 tsakanin 2014 da 2016, a lokacin fari. A ƙasar Beliz kuma, ita ma a yankin, wajen 2000 zuwa 2001, dajin da aka yi wa kaca-kaca na Pinus caribaea ne, irin wanda ke tsaye a Afaka.

Za su iya zuwa nan?

Ba za su tsallako teku da fukafukinsu ba, amma katako yana tafiya. Dendroctonus valens ya shiga lardin Shanxi na ƙasar Sin a cikin gungumen da aka kai daga Amurka a shekarun 1980, kuma daga 1999 ya kashe miliyoyin itatuwan fayin, alhali a ƙasarsa ta asali ba a ɗauke shi babban makashi ba. Saboda irin wannan ne aka kafa ƙa'idar duniya a 2002, cewa katakon da ake ɗora kaya a kai ko a yi akwati da shi sai an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a yi masa hayaƙin magani. Wanda aka yi wa haka yana ɗauke da tambari mai kamar zangarniyar alkama, kuma haruffan HT na nufin gashi aka yi masa. 'Yan katakonmu na Sabon Gari da kafintoci masu sayen irin waɗannan falankai su riƙa dubawa. Wanda ya zo da ɓawo a jikinsa, ko yana zubar da sabon gari daga ƙananan ramuka, a ɓare ɓawon a ƙone shi nan take.

Malam, ni manomin masara ne a Giwa, ba ni da fayin ko ɗaya. Me ya shafe ni?

Ya shafe ka, Alhaji, har cikin rumbunka. Akwai wani ƙwaro mai suna Prostephanus truncatus, wanda asalinsa mai cin itace ne a Meziko da Amurka ta Tsakiya. Ya shigo Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, aka gan shi a Togo a 1984, daga nan ya iso Najeriya. Ba dangin ƙwarin ɓawo ba ne na kusa, amma dabararsu ɗaya. Namiji in ya samu masara ko busasshen rogo sai ya saki feromon, maza da mata su taru, cikin 'yan watanni hatsi ya koma gari. Shi ma yana da mai bin sawunsa, wani ƙwaro Teretrius nigrescens da ke jin kiran ya zo ya ci 'ya'yansa, wanda aka kawo aka saki a Togo a 1991.

Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne, 'yan ƙwarin farko su ne masu kira, kuma galibi daga ragowar bara suke fitowa. Kafin ka zuba sabon hatsi a kaka, share rumbun tas, ka fitar da tsohon totuwa da tsofaffin buhuna ka ƙone, kada ka zuba sabo a kan tsoho. Duba sandunan rumbun da na rufinsa, domin wannan ƙwaron yana iya zama a cikin itace ya jira. Kuma ya fi samun yadda yake so a masarar da aka ajiye a jikin totuwarta, don haka ka ɓare ta, ka shanya ta bushe sosai, sannan ka adana.